SITO BAI CIKA BA SAI AN DUBI SAMA

 Tun da kaka ta kama, wasiƙun da ke zuwa mana kusan duk bakinsu ɗaya, wato maganar wurin ajiya. Wannan ya ce rumbu ya yi masa kaɗan, wancan ya ce sito ya cika, wani kuma ɗakin uwargida ya mayar ma'ajin masara har an fara 'yar tsama a gidan. Saboda haka yau na ware wasiƙu uku. Zan fi daɗewa a kan ta farko, domin amsarta ta shafi sauran biyun.

Wasiƙar farko ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi da ke saro kaya a kasuwannin ƙauye yana kai wa Dawanau ta Kano. Ya ce yana da sito na haya, tsawonsa mita 9, faɗinsa mita 5, daga ƙasa zuwa rufi mita 4, ƙofar kuma tana tsakiyar dogon bangon. Ya zuba buhu 350, kusan rabi masara rabi dawa, bango zuwa bango, hawa biyar-biyar, ko wurin sa ƙafa babu. Ga shi kuma ya yi cinikin wasu buhu 50 suna kan hanya. Tambayarsa ita ce: ya kama hayar wani siton ne, ko kuwa ya sayar da wasu yanzu duk da farashi yana ƙasa? A ƙarshen wasiƙar ya ƙara da cewa bara buhu 14 na jikin bango sun yi baƙi, ala tilas ya kai wa masu abincin kaji a araha.

To, Alhaji, na gode ƙwarai da ka ɗauki tef ka auna siton kafin ka rubuto. Da yawa sai su ce mani "ɗaki ne dai babba", ni kuwa ban san girman babba ba. Amsata a taƙaice, kada ka kama haya, kada kuma ka yi gaggawar sayarwa. Sitonka bai cika ba. Ƙasansa ne ya cika. Bari mu yi lissafin tare, ka yi haƙuri da ni, tsohon malamin firamare ne, in na ga lissafi ba na iya wucewa.

Buhu mai kilo 100 na masara, idan an kwantar da shi, yakan ci wajen mita 1 a tsawo, santimita 60 a faɗi, kaurinsa kuma wajen santimita 30, wato ƙafa guda. Kai ka yi hawa biyar. Hawa biyar mita ɗaya da rabi ke nan. Rufinka kuwa yana mita 4. Ka ga ashe mita biyu da rabi na sama iska kawai kake biya wa kuɗin haya duk shekara. Mai siton bai rage maka ko kwabo ba don ka bar saman fayau.

Yanzu ga yadda nake so ka yi. Ka bar rabin mita tsakanin buhuna da bango ta kowane gefe, yadda mutum zai iya bi ya zagaya. Daga bakin ƙofa ka bar hanya mai faɗin mita 1 ta ratsa tsakiyar siton har ɗaya bangon. Abin da ya rage maka fili biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne mita 4 da mita uku da rabi. Masara a dama, dawa a hagu. Kowane fili zai ɗauki buhu 22 a shimfiɗa ɗaya. Ka yi hawa 10, wato tsayin mita 3, saura kusan mita guda tsakanin buhun ƙarshe da kwano. Sau 10 na 22 ya ba ka 220, tsibi biyu 440. Ka cire 20 ko 30 saboda hawan sama ana ɗan tsuke su ciki don kada tsibin ya buɗe. Kana da wurin buhu 400 da 'yan kai. Buhunka 350 da 50 ɗin da ke hanya duk sun shiga, ga hanya, ga iska, ba buhu ɗaya da ya taɓa bango.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce, Malam, ai da na wuce hawa biyar sai su zube. Gaskiya ne, za su zube, in dai jerin da kake yi shi ne buhu bisa buhu, kai bisa kai, kamar an jera faranti. Je ka tsaya wurin magini ka ga yadda yake ɗora bulo. Ba ya taɓa barin gaɓar sama ta faɗa daidai kan gaɓar ƙasa, kowane bulo yana danne biyu. Haka ake jera buhu. Idan a shimfiɗar farko ka kwantar da uku a tsaye biyu a gicciye, a ta biyu sai ka juya su, inda ukun suke biyun su hau, inda biyun suke ukun su hau. Ta haka kowane buhu ya riƙe ɗan'uwansa. Bakin buhu, wajen ɗinki, ya riƙa duban cikin tsibi, domin ko ɗinkin ya kwance hatsin ba zai tsiyaye ƙasa ba. Kuma kada tsayin tsibi ya wuce faɗinsa. Buhun roba irin na yanzu yana da santsi, ba ya kama juna kamar algarara, don haka a kansa mita 3 ɗin nan ita ce iyaka, kada wani ya ji daɗin magana ya kai shi har rufi. Tsibin buhu in ya rufto wa mutum ba wasa ba ne, tan guda buhu goma ne kacal.

Wannan ba sabuwar fasaha ba ce da aka kawo mana daga waje. Dattawan da suka ga dalar gyaɗa a Kano sun san haka. Tun zamanin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ake tara buhunan gyaɗa a fili suna jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Ikko, dala ɗaya takan ɗauki buhu wajen 15,000. Ba siminti, ba igiya, jeri ne kawai na 'yan dako da suka san aikinsu, kowane hawa yana ɗan shigewa ciki. Dalar ta ɓace bayan fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970, amma hannun bai ɓace ba. Har gobe a Dawanau akwai 'yan dakon da za su jera maka hawa goma su yi matakala da buhunan kansu su hau. Su za ka nema. Ka biya su aikin yini ɗaya, a fitar da komai waje, a share, a sake jerawa. Ka kwatanta ladansu da hayar sito ta shekara, ka ga wanne ya fi sauƙi.

Kafin a mayar da buhu ko ɗaya, a shimfiɗa katako a ƙasa. Idan kana da halin sayen irin gadon katakon nan da ake ɗora kaya a kamfanoni, madalla. Idan babu, sanduna masu kauri a jere, a gicciya wasu a kansu, yadda buhu zai tashi daga ƙasa kamar tsawon tafin hannu. A duba kada a bar ƙusa a tsaye. Daɓen siminti yana yaudarar mutane, ka taɓa ka ji shi a bushe, alhali yana jawo laima daga ƙasa sannu a hankali, musamman daga watan Yuli zuwa Satumba.

Sai maganar rabin mitan nan na jikin bango, wanda na san shi ne zai fi yi maka ciwo, domin ɗan kasuwa in ya ga fili ba kaya gani yake asara ce. Alhaji, buhunka 14 na bara su ne amsar. Bango yana shan ruwan damina, ya kuma yi gumi idan rana ta buga shi da yini dare ya yi sanyi. Buhun da ya jingina da shi yana shan wannan danshin, fumfuna ta kama shi. Fumfunar masara da ta gyaɗa kuwa ba ɓata launi kaɗai take yi ba, wata tana haifar da gubar da ake kira aflatoksin, mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Kajin da aka kai wa ma ba ta bar su ba. Bayan haka, lungun da ke tsakanin buhu da bango shi ne gidan ɓera da gara, domin sun san ba mai leƙawa. Idan kana iya zagaya tsibinka da tocila kowane mako, ka ga garin da ƙwari suka zubar, ka ga kashin ɓera, ka ji warin danshi, to ka kama ɓarnar tun tana buhu ɗaya. A manyan ɗakunan ajiya ma mita guda cur ake bari. Ni na ce rabi ne saboda ƙanƙantar naka.

Ni kaina na taɓa sha. Shekarar da na fara karɓar albashi na sayi wake buhu shida na jingina a bangon gabas na wani ɗaki a gidanmu, na kulle, ina ta lissafin ribar da zan ci da bazara. Ban sake buɗewa ba sai da ruwa ya sauka sau uku. Biyu na jikin bango sun dunƙule sun zama kamar dutse, sauran huɗun kuwa da na zura hannu sai ƙwari suka biyo ni har gwiwar hannu. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, ai ajiya ba binnewa ba ce. Tun daga ranar ban sake rufe kaya na juya baya ba.

Abu ɗaya zan ƙara maka don gaba. Kayan gona ba duka suke cin wuri daidai ba. A ma'aunin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayar, tan ɗaya na masara ko dawa a buhu yana cin wurin da ya kusa ninki ɗaya da rabi na abin da tan ɗaya na gero ko wake ke ci. Wato siton da ya ɗauki tan 40 na masara zai ɗauki fiye da tan 50 na gero. Gyaɗa mai ɓawo da irin auduga kuwa su ne sarakan cin wuri. Idan wuri ne matsalarka, ka sa wannan a lissafi tun kana kasuwar ƙauye, kafin ka biya kuɗi.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Maraɗi, can Jamhuriyar Nijar, muna gaishe da masu saurarenmu na can. Ita ba ta ajiya don jiran farashi, saye da sayarwa take yi kullum: wake, gyaɗa, riɗi, gero, har da manja da gishiri. Kukanta shi ne duk lokacin da ta kwashe shago don shara sai ta tarar da buhunan da ta manta da su a can ƙurya, wasu sun shekara, ƙwari sun gama da su. Kuma yaran shagon kullum suna cewa ba wuri.

Hajiya, naki ciwon daban ne da na Alhaji. Abin da ke faruwa a shagonki shi ne, mota ta kawo sabon kaya, yara sun gaji, sai su sauke a bakin ƙofa. Mai saye ya zo, sai su ɗauko na bakin ƙofar domin shi ne kusa. Na ƙurya yana nan yana tsufa. Dokar ita ce wanda ya riga shiga shi zai riga fita, amma faɗar dokar ba ta isa ba, sai kin shirya shagon yadda bin ta zai fi wa yaran sauƙi a kan karya ta. Kowane irin kaya ki ba shi gurbi biyu a gefen hanya. Ana ɗiba daga gurbi ɗaya har ya ƙare ƙaf, sabon da ya zo yana shiga ɗayan. Idan na farko ya ƙare a share shi, a koma ɗiban na biyu, sabon kaya kuma ya dawo na farkon. Kada a taɓa ɗora sabon buhu a kan tsoho. Banda mantuwa, in tsohon yana da ƙwari ya ba sabon ke nan.

Sannan ki zauna ki duba littafinki, ko ki tuna da ka, wane kaya ne ke fita kullum, wanne ne sai mako-mako. Mai fita kullum shi ke da bakin ƙofa. Wanda sai jefi-jefi ya tafi ciki. Abu mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a kan kanta. Jarkar manja kada ta hau saman buhu ko ta zauna kusa da shi, gishiri kuma a ware shi gefe guda a kan katako, domin yana jawo ruwa da damina ya jiƙa maƙwabcinsa. A jikin kowane tsibi a rataya ɗan kwali, ko a rubuta da alli a bango: ranar da ya shigo, buhu nawa, daga wace kasuwa. Duk wanda ya ɗauka ya rage lamba. Wannan ɗan kwalin zai gaya miki abin da ya kwana biyu, zai kuma rage miki gardama da yara a kan ƙidaya, kin dai gane.

Game da "ba wuri" da suke cewa, ina roƙonki gobe da safe ki shiga shagon ki ƙirga abin da ke ciki wanda ba na sayarwa ba ne. Na shiga shaguna da yawa, na san abin da za ki gani: tsohon sikeli da ya lalace, tarin buhunan da ba kowa a ciki an watsar a ƙasa, jarkoki, tayar babur, katifar mai gadi. Buhunan wofi a kakkaɓe su, a shanya a rana, a naɗe a ɗaure a rataye a sama, domin a cikinsu ƙwarin bara ke kwana su jira kayan bana. Sauran tarkacen a fitar. Sau da yawa wurin buhu goma ko fiye yana nan a ƙarƙashinsu.

Ta uku wani dattijo ne manomi daga wajen Giwa ta Jihar Kaduna, jikansa ya rubuta masa. Ya ce rumbunsa biyu sun cika da dawa da gero, ya rage wake buhu takwas da masarar da aka riga aka casa. Ɗakin da ya rage shi ne wanda yake ajiye takin zamani da maganin feshi, kuma a nan ƙananan jikokinsa biyu ke kwana. Yana tambaya ko ya haɗa su duka a ciki ya jefa ƙwayar maganin nan ta Phostoxin.

Baba, Allah ya ƙara girma, wannan kam a'a. Ina roƙonka da babbar murya. Ƙwayar nan da ta sha iska sai ta riƙa fitar da hayaƙi mai guba wanda ido ba ya gani, yana ratsa buhu, yana bin tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa, kuma yadda yake kashe ƙwaro haka yake kashe mutum, yara ne ma ya fi saurin kayarwa. Ba a sa ta a ɗakin da ake kwana, ba a sa ta a ɗakin da ya haɗa bango da na kwana. Aikinta na wanda aka koya wa ne, a sito na daban, a lulluɓe tsibin da tamfol marar huda a danne gefensa, a bar shi kamar mako guda. Ka ga nan ma sai tsibin da ake iya zagayawa ake iya lulluɓewa, Alhaji na Dawanau sai ka ƙara wannan a cikin dalilan barin rabin mita. Haka nan fiya-fiya da sauran magungunan feshi ba na zubawa a abinci ba ne. Saboda irin wannan maganin da aka samu a waken Nijeriya ne Tarayyar Turai ta hana shigar da shi ƙasashenta a 2015.

Taki da maganin feshi su fita daga ɗakin, a yi musu 'yar rumfa mai ƙofa a waje inda yara ba sa kaiwa. Hatsi yana ɗaukar wari, takin yuriya kuma yana jawo danshi. Waken kuwa ka nemi buhun nan mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda ake kira PICS. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da abokan aikinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Ba ya buƙatar magani ko kaɗan. Ana zuba wake, a matse iska, a ɗaure leda ta farko da kanta, ta biyu da kanta, sannan na waje. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. Sharaɗinsa uku ne: ledar kada ta sami huda ko ta allura, kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, kuma kayan su bushe sarai kafin a zuba. Masara ma yana riƙe ta. Shi ma a ɗora shi a kan katako nesa da bango, a hana 'yan dako sa masa ƙugiya, a kuma yi maganin ɓera, don ɓera in ya huda shi aikin ya tashi.

Yadda za ka san masara ta bushe, Baba, ka san na haƙori, in ka ciza ta fashe da ƙara. Ga wani gwajin da jikanka zai yi maka. Ya sami kwalba busasshiya, ya soya gishiri kaɗan a tukunya har ya bushe ƙarau ya huce, ya zuba masara kamar sulusin kwalbar da gishirin cokali biyu, ya rufe ya girgiza sosai, ya bar ta ta ɗan jima, ya sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran ruwa, a mayar da ita rana. Idan bai manne ba, a zuba a buhu. Wanda yake kusa da Kano kuma yana son ƙarin bayani, cibiyar binciken ajiyar amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, mai hedkwata a Ilori, tana da ofis a Kano, malaman gona na ƙaramar hukuma ma suna iya nuna yadda ake ɗaure buhun.

Buhu takwas na wake da 'yar masararka, in an jera su hawa huɗu a kan katako, ba za su ci fiye da kusurwa ɗaya ta ɗakin ba, yara su ci gaba da kwanansu lafiya tunda ba magani a ciki.

Alhaji na Dawanau, in an sake jerin ka rubuto ka gaya mana buhu nawa siton ya ɗauka, zan karanta wa jama'a ko lissafina ya ci ko ya faɗi. Masu tambaya a kan ajiyar albasa, wasiƙunku sun iso, su ne na mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.